Makin Da Na Ba Abokina

Kafin shari'a ta zo jiharmu, ni makaɗi ne. Manoman da ke zuwa shagona yanzu sayen taki da maganin feshi yawancinsu ba su san haka ba, ni kuma ba na gaya musu. Shekara goma sha huɗu na yi ina kaɗa bas, babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu wadda mutum ke jin ta a ƙirji kafin ta kai kunne. Mu biyar ne a ƙungiyarmu, amma in za a faɗi gaskiya ƙungiyar ta mutum biyu ce, ni da abokina mai ƙaramar jita. Sauran ukun yau suna nan, gobe an sake su da wasu.

Unguwa ɗaya muka tashi da shi a cikin Daura, iyayenmu mata kuma daga ƙauye ɗaya aka auro su, can wajen Baure, don haka ko hutun makaranta tare muke zuwa. Wanda ya fara ɗora mana jita a cinya wani malami ne ɗan Gana da ya koyar da mu lissafi a sakandare. Yana da faya-fayan kiɗan Turawa mai ƙarar nan da suke kira rok, shi ya cusa mana son shi. Mutum ne mai ƙa'ida. Kowace tsirkiya sai an ɗaure ta daidai inda littafi ya ce. Kiɗa kuma a wajensa gida uku gare shi: ka tashi daga na farko, ka shiga na biyu, ka leƙa na uku, ka komo. In ka kauce, rula ce a bayan hannu. Ni na riƙe wannan ƙa'ida gam. Abokina yana riƙe ta muddin malam na ɗakin; da ya fita sai ya hau murɗa tsirkiya yana neman wani sauti da shi kansa bai iya faɗin ko mene ne ba.

Da muka gama makaranta muka ci gaba. Akwai wani otal a bayan gari da muke wasa duk Juma'a da Asabar, sai liyafar ma'aikatan kan iyaka, sai auren 'yan boko. Ba mu tara komai ba, amma an san mu. In muna kan dandamali ba sai ya yi mini magana ba. Kafaɗarsa kawai za ta ɗan ɗaga, sai ya tarar na riga shi isa gidan da zai shiga.

Da aka ƙaddamar da shari'a ba wanda ya kama mu, ba wanda ya taɓa lafiyarmu. Ina faɗin haka ne don kada a ce na yi wa wani ƙage. Ni kaina na yi kabbara tare da jama'a, kuma da zuciya ɗaya na yi. Abin da ya faru kawai shi ne otal ya rufe ɗakin da muke wasa, masu biki suka daina aikowa, sannan wata Asabar bayan la'asar dattawan unguwa huɗu suka yi sallama a ƙofar gidana. Surukina na cikinsu, shi ne ma ya yi magana bayan an gaisa.

"Ba faɗa ya kawo mu ba," in ji shi. "Kai yanzu magidanci ne mai 'ya'ya uku. Gari ya ɗauki hanya, ba ma son a waiwayo a gan ka kai kaɗai a baya da wannan abu rataye a wuya."

Na sunkuyar da kai na ce, "Na ji, Baba. Na gode."

Washegari na saɓa bas ɗin na kai wa abokina. Na same shi a zaure yana fere wata waya da haƙori. Ya dube ni, ya dubi jitar.

"Ajiya ce ko kyauta?"

"Kyauta ce."

"To ni ajiya na karɓa," ya ce, ya jingine ta a bango.

Shi ma an je wajensa, amma ba shi da mata a lokacin, ba shi da suruki, uwarsa kuma ta rasu. Ya saurare su, ya raka su bakin ƙofa, bayan wata biyu ya ɗaure kayansa a kan mota ya ƙetare Nijar.

Ni na buɗe wannan shago. Kuma ba kaɗawa kaɗai na bari ba, har sauraro, don na san kaina. Kamar mai barin taba nake, in na zuƙi ɗaya na koma. Rediyona labarai kawai yake yi, da an sako kiɗa sai in murɗe. In na shiga mota direba ya sa kaset, sai in ciro carbi in yi ta ja har mu sauka. Shekara bakwai na yi a haka. A ta biyar Allah ya nufe ni da zuwa Makka, da na dawo aka sa ni cikin kwamitin masallacin unguwa. Waɗanda a da suke ce mini mai jita suka koma Alhaji. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin hakan.

A shekara ta bakwai ɗin, bayan an gama girbi, wani mutumin Nijar mai kama da malamin makaranta ya tsaya da mashin a ƙofar shagona. Ya ce suna da bikin kiɗa na kwana uku a wani gari da ke tsallaken iyakar Kongolam, rana ta ƙarshe gasa ce ta ƙungiyoyin jita. Suna son alƙalai uku, ɗaya daga ɓangarenmu, tunda rabin 'yan kallo daga nan suke zuwa.

"Na bar wannan harka da daɗewa," na ce masa.

"Mun sani, Alhaji. Ai ba kaɗawa za ka yi ba, zama za ka yi ka saurara. An ce mana duk ƙasar Daura ba mai kunnenka."

"Wa ya ce?"

Ya yi murmushi, ya ce mutane ne.

Wannan magana ta ba mai kunnenka ita ta kai ni. Shekara bakwai ana yabon zuwana sallah a kan lokaci, ba wanda ya taɓa tuna abin da na iya. Na ce wa matata zan je dubo wake a kasuwar tsallake. Tana kallo na ciro babbar riga daga akwati na fesa turare.

"Maigida, waken nan dai mai daraja ne," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

A Kongolam na tarar da layin motoci, kusan duka masu lambar jiharmu. Fuskoki da yawa na sani, har da wani maƙwabcina da ba ya rasa sahun farko a masallacinmu, ya naɗa rawani irin na Buzaye ya ƙara da baƙin tabarau. Ya gan ni, na gan shi. Kowa ya juya yana kallon shanun da ke ƙetare hanya.

A filin ƙwallon wata makaranta ake bikin. An jera durom-durom an shimfiɗa katako a kai, shi ne dandamali, lasifikoki hagu da dama, janareto na ruri a bayan ajujuwa. Mu an kafa mana rumfa da tebur a gaba. Abokan alƙalancina su biyu ne: wata mata mai yawan dariya da ke gabatar da shiri a gidan rediyon can, da wani tsoho makaɗin goge da bai iya rubutu ba, sai ya raɗa mata makinsa ta rubuta. Ƙungiya tara ce za ta yi wasa. Kowane alƙali zai ba da maki daga ɗaya zuwa goma, a ƙarshe a karanta wa jama'a abin da kowa ya bayar. Waɗanda suka zo na ɗaya za a kai su babban birnin ƙasar a ɗauki kiɗansu a faifai, sannan a fita da su ƙasashen waje.

Na san abokina yana wannan yanki, amma sai da na ga takardar jerin ƙungiyoyi na san yana cikin gasar, su ne na bakwai. Kafin a fara sai ga shi ya ratso jama'a. Ya rame, furfura ta cinye masa kai, haƙori ɗaya na gaba ya tafi. Ya rungume ni har hulata ta faɗi.

"Ka yi ƙiba, mutumina! Taki ya karɓe ka."

"Kai kuma jita ta tsotse ka."

"Ba zan zauna kusa da kai ba, kada a ce wani abu. In an gama ma yi hira har mu gaji. Ka dai buɗe kunne."

Na gaya wa matar rediyo cewa wannan abokina ne na yarinta, ko ya kamata in janye in an zo kansu. Ta yi dariya ta ce a nan kowa abokin kowa ne, in zauna.

Ƙungiyoyi ukun farko samari ne masu ƙarfi ba gwaninta. Ta huɗu daga babban birni suka zo, cikin fararen kaya iri ɗaya. Da suka fara sai na ji kamar an buɗe mini ɗakin da na kulle shekara bakwai, na tarar ko kujera ba a gusar ba. Kowace tsirkiya a mazauninta, gida na farko, na biyu, na uku, a komo. Mai bas ɗinsu yana yawo a kan jitar yadda nake yi a da. Ba su zo da sabon abu ba, amma ba kuskure ko ɗaya. Na ba su tara.

Bayan an dawo daga sallar la'asar ƙungiya biyu suka yi, sannan aka kira su abokina. Su huɗu suka hau: shi, da mai ganguna, da mai ƙwarya da ke yi masa amshi, da wani dogon Buzu riƙe da bas. Tun daga inda nake zaune na gane ta. Ga tabon wutar sigari kusa da wuyanta, ga maratayin da matata ta ɗinka mini da ragowar atamfa, ya koɗe amma shi ne.

Abokina bai gaida kowa ba. Ya taka wani ɗan akwati da ke gabansa, jitar ta yi gurnani kamar an tada babbar mota, sai ya saki kiɗa. Abu na farko da kunnena ya kama shi ne tsirkiya ta uku ba ta wurinta, ta sauka. Na jira ya gyara, bai gyara ba. Na jira su tashi daga gida na farko, ba su tashi ba. Minti biyu, uku, biyar, suna nan a gida ɗaya. Mai ganguna yana dukan abu guda, mai nauyi, mai ɗan ɗingishi, ba ado. Buzun nan kuwa ya kafa yatsa wuri ɗaya a kan bas ɗina yana bugun tsirkiya ɗaya tal, kamar mai daka. Abokina kaɗai ke yawo a sama, jitarsa na kuka tana zagayawa tana komowa, muryarsa ta dushe, yana jefa kalma uku-huɗu mai ƙwarya na cafewa.

Filin ya rikice. Ko a zamaninmu ban taɓa ganin haka ba. Kuma ba irin rawar otal ake yi ba. Maza ne suka jeru kafaɗa da kafaɗa, suka duƙa, suna takawa gaba tare. Mata na guɗa. Tsohon mai goge ya rufe ido, leɓensa na motsi. Matar rediyo ta ajiye biro ta miƙe tsaye.

Ni kuwa ina zaune kamar an dasa ni. A ƙarƙashin tebur yatsuna na hagu suna ta gudu a kan gwiwa, suna kaɗa abin da zan kaɗa da ni ne a can: in hau nan, in sauko can, in cike wancan gurbi. Amma duk inda na sa yatsa sai in ji ba wurina. Kiɗan ba ya bukatar ko ɗaya daga abin da na iya. Shekara goma sha huɗu ina tsaye a bayansa, ga shi ya gina abin da ba ƙofar da zan shiga, ya kuma ɗauki jitata ya ba mai bugun tsirkiya ɗaya.

A lokacin ba haka na faɗa wa kaina ba. Cewa na yi tsirkiya ta sauka, ba canjin gida, mai bas bai iya ba, murya ta tafi. Jama'a hayaniya suke so, ni kuwa don kunne aka kira ni. Har wani alfahari na ji, wai ga ni zan yi gaskiya ko a kan abokina. Na rubuta huɗu.

Matar rediyo ta leƙo takardata, dariyarta ta ɗauke.

"Alhaji, huɗu ce wannan, ko tara ce kanta bai rufe ba?"

"Huɗu ce."

"Ka tabbata?"

"Hajiya, kowa da takardarsa."

Gab da magariba aka karanta sakamako. 'Yan babban birni takwas, takwas, tara: ashirin da biyar. Su abokina, tsoho ya ba su goma, matar rediyo tara, "alƙalin Daura kuma huɗu." Ashirin da uku. Da bakwai na ba su da sun ci. Filin ya ɗauki ihu, wani ya jefo ledar ruwa ta fashe a kan teburinmu, aka zagaya da ni ta bayan ajujuwa. Tsohon mai goge da ya zo wucewa bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, kai a ina aka haife ka?"

A bakin famfon makarantar abokina ya same ni ina alwala. Ya tsaya har na wanke ƙafa. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi tada mini hankali ke nan.

"Ka ji shi kuwa?"

"Na ji."

"Me ka ji?"

"Tsirkiyarka ta uku ta sauka, tun farko har ƙarshe."

"Ni na saukar da ita," ya ce a hankali. "Shekara biyu ina neman inda zan ajiye ta."

"Kuma ba ku bar gida ɗaya ba. Ka san dai yadda aka koya mana."

"Yadda aka koya mana." Ya maimaita kamar mai ɗanɗana maganar. "Malam ya koma ƙasarsu shekara ashirin ke nan, kai har yanzu tsoron rula kake yi."

Na ce masa amana aka ba ni, ba zan ba da maki don abota ba. Ya gyaɗa kai.

"Ka san wa ya sa aka kira ka? Ni ne. Wata uku ina bin su. Sun ce suna da mutum a Katsina, na ce a'a, akwai wanda in ya ji sau ɗaya zai gane daga inda na ɗebo shi. Ba maki nake nema a wajenka ba, wallahi ko sifili ka ba ni in dai ka gane. Waɗannan duk sun yi rawa, amma kai na kaɗa wa."

Aka tada iƙama a filin. Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo.

"Ajiyar nan taka, yanzu na karɓe ta kyauta. Na gode."

Labari ya riga ni isa gida. Maƙwabcina mai baƙin tabarau shi ya kai wa liman dalla-dalla, ya ce a bakin direbobi ya ji. A gabana ya faɗa, yana kallona, don ya san ko na ce na gan shi a can ba abin da na gyara. Ba a kore ni daga kwamiti ba, daina aiko mini aka yi in za a zauna. Surukina ya yi wata biyu yana amsa gaisuwata da ka. A kasuwa kuma waɗanda suka je bikin suka laƙaba mini Alƙali, in na gifta a ce, "Alƙali, yau nawa ka bayar?" Masu ƙin kiɗa suna jin haushina don na je, masu son kiɗa suna jin haushina don abin da na yi da na je. Matata kaɗai ba ta ce komai ba, ban da ranar da ta tambaye ni ko ya rame. Na ce ya rame. Ta ce, "Allah sarki," ta ci gaba da tankaɗe.

Duk da haka na dage a raina cewa gaskiya na yi. Wata shida ina kan wannan.

Ashe wani ya ɗauki wasan a kaset. Kafin damina ya cika ƙasar nan. 'Yan acaɓa suna ɗaure rediyo a kan mashin suna yawo da shi, mai shayin da ke kallon shagona kuma kullum da safe sai ya sa, ƙasa-ƙasa. Ba halin in murɗe rediyon wani. Carbi ma ya ƙi yi mini aiki.

Ran nan, bayan an yi ruwan shuka, wani tsohon manomi daga wajen Baure ya zo sayen taki. Ina auna masa sai na ga ya tsaya cak, ya karkata kai wajen mai shayi.

"Ikon Allah," ya ce. "Wa ya sa gangar gayya a cikin inji?"

"Wace ganga, Baba?"

"Ba ka ji ba? Ai wannan shi ne kiɗan da ake yi mana in rana ta take, an gaji, ana son a kai ƙarshen gona. Ba a canja shi, in ka canja ka karya wa mutane baya." Ya duƙa a tsakiyar shagona, tsoho da shi, ya kama hauyar da babu, ya yi taku uku gaba daidai da bugun bas ɗin. "Wancan mai kukan kuma garaya ce, ɗaurin maharba. Rabona da jin shi tun ana gayya ta gaske."

Na tsaya da mudu a hannu. Sai ga ƙauyen iyayenmu mata ya dawo mini gaba ɗaya. Ga mu biyu a gindin gawo lokacin hutu, ga maza a jere sun duƙa, makaɗi na bin su da bugu ɗaya tun hantsi har azahar. Ga kuma wani kawunsa maharbi da ke kaɗa garaya a ƙofar gida in ya sha fura. Tsirkiyar da na ce ta sauka, a mazaunin garayar kawun nan take. Abin da yake nema ke nan tun muna makaranta in malam ya fita. Ya yi shekara ashirin da 'yan kai kafin ya same shi, ya sa aka kira ni in shaida, ni kuma na zauna cikin babbar riga na ba kiɗan garin uwata huɗu bisa goma. Mutanen da suka jeru suka duƙa a filin nan noma suke yi a gaban idona, ban gani ba.

Da tsohon ya tafi na je da kaina na sayo kaset ɗin, na ja ƙofar shago rabi, na saurare shi sau huɗu a jere. A na uku na gane Buzun nan ya fi ni iya bas. Ka riƙe bugu ɗaya minti goma, ba ka gaza ba, ba ka yi gaggawa ba, ba ka nemi a gan ka ba, wannan ni ban taɓa iyawa ba.

Na sha neman wanda zan ɗora wa laifi. Wani lokaci in ce dattawan nan huɗu ne suka sa kunnena ya tsufa a inda na bar shi. Amma su cewa suka yi in ajiye jita, ba su ce in kurmance ba. Ni na ƙara wannan don a ce na fi kowa tuba. Kuma ko kurma ai ya ga abin da filin nan ya yi. Hassada ce kawai, na naɗa mata rawani na kira ta amana.

Da gero ya fara nuna na koma tsallake, wannan karon na gaya wa matata gaskiyar inda za ni. Na same shi a wani ɗakin haya bayan tasha. Ƙungiyar ta watse. Ashe begen faifan nan da fita waje shi ya riƙe su tare. Da abin ya faɗi, mai ganguna da Buzun suka yi arewa neman aiki, bas ɗin ma ta bi su. Shi kuma yana bin gidajen biki shi kaɗai da wani inji mai buga ganga da kansa.

Ya karɓe ni da mutunci. Ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ya hura gawayi ya ɗora shayi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Amma Alhaji yake ce mini. Tun da muke bai taɓa kira na haka ba.

A kofi na biyu na ce, "Na gane kiɗan nan. Gangar gayya ce, da garayar kawunka."

"Haka ne," ya ce.

"Na zalunce ka. Ba kunne ne ya ba ka huɗu ba, zuciya ce. Ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, Alhaji." Ya ɗaga butar shayi sama yana tsiyayawa har ya yi kumfa. "Wa ya gaya maka gayya ce?"

Da na yi ƙarya a nan wataƙila da mun shirya. Na ce wani tsoho ne a shago.

"To," ya ce. Ya miƙo mini kofi. "Yaya damina a wajenku? Nan gero ya yi, wake ne dai tsutsa ta taɓa."

Muka yi hirar tsutsa da maganin feshi har na tashi. Ya raka ni tasha, ya tsaya har mota ta cika.

Yanzu ya daɗe da dawowa Daura. Sanyin ƙashi ya kama masa yatsu, ba ya iya danna tsirkiya. Yana zama a shagon ƙanensa na kayan mashin, layi uku daga nawa. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, mu gaisa hannu biyu-biyu, wanda bai sani ba sai ya ce aminai ne.

Watan jiya tayar mashin ɗina ta gaji da faci, na tura shi can sayen sabon tub. Akwai wani ɗan acaɓa zaune a benci yana jiran makanike ya gama masa gyara, wayarsa na kiɗa. Tun daga nesa na ji bugun. Sautin ya shaƙe don yawan kwafa daga kaset zuwa waya, amma shi ne, har da guɗar matan filin.

"Su wane ne waɗannan?" makanike ya tambaye shi.

"Wasu Buzaye ne na can cikin hamada," in ji ɗan acaɓan. "An ce duk sun mutu. Ai irin wannan ba Bahaushen da zai iya."

Na buɗe baki. Abokina yana zaune a bayan kanta, bai fi taku biyu daga wayar ba. Ya ɗago ya dube ni, ya girgiza kai sau ɗaya, kaɗan.

"Alhaji," ya ce, "tub na gaba ko na baya?"

Na ce na baya. Ya miƙa hannu sama zai ɗauko, yatsun suka ƙi kamawa, sai da ya haɗa da ɗaya hannun sannan ya sauko da shi.